Tsirkiyar Gurmin Baba

Hada'iƙ el-Ma'adi, Alƙahira

Yaya Zainaba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya zafin Damagaram?

Baba yana nan yadda kika bar shi. Yana ci, yana barci, amma tun da shanyewar ɓarin jikin nan ta same shi bai ce uffan ba, hannun dama kuma yana kwance a cinya kamar na aro. Likitar da ke yi masa gashin jiki ta ce in wata ya ƙare hannun bai motsa ba, gara mu mai da shi gida ya huta. Ta ce kafin nan a ba hannun abin da ya saba riƙewa.

Sai na tuna gurminsa, wanda kika cusa a jaka ina ta mita. Tsirkiyoyin sun tsinke a hanya. Na yanko zaren nailan a shagon Mu'tasim, Basudanen da nake yi wa aikin ɗaure raket ɗin tenis, na ɗaura. Baba ya taɓa sau ɗaya da hagu, ya juya fuska bango. Yaya, ranar na kasa cin abinci.

Ki gai da Inna, kada ki gaya mata zancen likita tukuna.

Ƙanenki,
Nafi'u

Yaya Zainaba,

Sallama da gaisuwa. Da fatan tarin 'yarki Humaira ya yi sauƙi.

Da na ba Mu'tasim labari ya yi ta dariya, wai ma'alish, wato in yi haƙuri, amma na ba makaɗi igiyar kamun kifi. Ya ba ni ragowar tsirkiyar hanjin saniya, irin wadda masu hali suke sa wa raket don ba ta gajiyar da gwiwar hannu. Ya ce hanji ko an busar da shi bai manta da ruwa ba. In iska ta yi laima sai ya sha ya saki, shi ya sa mai irin wannan raket ba ya wasa ranar yayyafi. Sabo kuma sai ya yi kwanaki yana miƙewa kafin ya zauna.

Na ɗaura. Sautin ya fito da taushi, ba ƙarar nailan ba, na ga Baba ya kasa kunne. Matsalar ita ce kullum gari ya waye laimar kogin Nilu ta sassauta ta, sai an sake ja. Ni kuwa kin san kunnena, ko kiran salla na yi sai yara sun yi dariya. Ina tura zoben fatar da ke riƙe tsirkiyar a wuyan gurmin sama da ƙasa, Baba yana hararata kamar na zubar masa da fura.

Jiya haƙurinsa ya ƙare. Ya fizge gurmin da hagu, ya ɗago hannun dama da ƙyar, ya ɗora yatsa a kan zoben ya tura. Kaɗan ne, amma da idona na gani. Na shiga banɗaki na yi kuka don kada ya gan ni.

Ku ci gaba da addu'a.

Naki,
Nafi'u

Yaya Zainaba,

Ina gaisuwa, ina gai da kowa da kowa.

Abin da Mu'tasim ya faɗa ya tabbata. Tsirkiyar ta gama miƙewa, ga iska ta bushe, sai ta daina saki. Da Baba ya ga babu abin gyara, ya mai da hannun cinya. Tsoro ya kama ni, ga wata ya kusa ƙarewa.

Sai na shiga wata dabara. Kullum na dawo daga asuba, yana barci, sai in sassauta zoben in mai da gurmin wurinsa. Ya farka ya gyara, yana huci. Yanzu yatsu uku suke aiki, likita ta ce tamam, wato madalla, a ci gaba da gashi, zancen komawa gida a ajiye shi.

Yau da safe ina tsugune ina aikina na ɓarna, ashe idonsa biyu. Sai na ji murya a bayana, a shaƙe, harshen da nauyi. Sunana ya kira, Yaya, ya haɗa da sakarai.

Na zauna a ƙasa ina dariya ina hawaye, na roƙe shi ya maimaita, ya ƙi. Yanzu kam ki gaya wa Inna komai, har da zagin.

Wassalam, ƙanenki mai kewarku,
Nafi'u