Surukina Ya Shigo Guruf

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024

Yau a guruf an wuni ana gardama kan ɗan kabu-kabu mai mashin ɗin kansa: ma'aikaci ne ko ƙaramin ɗan jari-hujja? Zayyanu, ɗalibin Poli ɗin nan da yatsunsa ba sa gajiya, ya ce ɗan jari-hujja ne tunda kayan aikin nasa ne. Na tambaye shi, to gumin wa yake ci, na mashin ɗin? Ya turo mini sitika, daga nan ban sake jin sa ba sai bayan la'asar.

Ina son guruf ɗin nan. Karatun Lahadi muke ce masa, ko da yake babu ranar da ba a surutu. Toma ne ya buɗe shi a Wasaf, ma'aikacin jinya ne a nan Birnin Kebbi, mutumin Filato. Ya ce shi ba shugaba ba ne, mai tsaron ƙofa ne kawai. Dokarsa ɗaya: babu Malam, babu Alhaji, babu Hajiya. Kowa da sunansa tsirara, in ka ga dama ka ƙara Kwamared.

Ni da a ofishin malamai na makarantarmu ba na gama jimla sai wani namiji ya ƙarasa mini ita, a nan ina magana har in gaji don kaina. An ba ni jawabin guruf na ranar 20 ga wata, ni na roƙa. Aikin mace a cikin gida, yana cikin lissafin Markisanci ko an manta shi a bakin murhu?

Laraba, 9 ga Oktoba

Innalillahi. Toma ya saka Baba a guruf.

Baba, mahaifin mijina Aminullahi. Surukina na Argungu, wanda ban taɓa haɗa ido da shi ba, wanda in na durƙusa gaishe shi tabarma nake kallo har in tashi.

Aminullahi ne ya ba Toma lambar. Wai tsoho yana zaune a zaure babu abokin gardama tun da ya bar koyarwa, ga shi a zamaninsa babu yajin aikin malamai da aka yi ba da shi a gaba ba. Na ce masa ai da ka tambaye ni. Ya ce ya manta ina ciki. Ya manta! Mutumin da kullum yake mitar data ta ƙare a kan 'yan gurguzu.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Zayyanu ya yi wa Baba maraba da sunansa tsirara, kamar sa'ansa. Na kife wayar a kan katifa. Sunan nan ko a littafin nan ba zan rubuta shi ba. Akwai yaro a ajina mai irin sunan, Mai Sunan Baba nake kiransa har ya bi shi.

Baba kuwa ko a jikinsa. Ya turo saƙon murya mai tsawo, ya ce tun kafin a haifi iyayen wasunmu ake ce masa Kwamared.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na zama mai leƙe. Ina karanta komai, ba na rubuta komai.

Abin mamaki, mutumin da na sani a Argungu ba shi ne na guruf ba. Na gida in ya ce “sannu” ya gama maganar wuni. Na guruf kuwa dariya, labari, tsokana. Yau ya yi bayanin rarar da ma'aikaci ke samarwa wadda ba ta shiga hannunsa, ya yi shi da albasa: wanda ya dasa, wanda ya yi ban ruwa, wanda ya cire, da wanda ya zo da mota ranar da kowa ya matsu. Na daɗe ina karanta wannan babi a fassarar littafin Markisanci da Toma ya turo, sai yau ya zauna mini daram.

Ina ta tunani, wanne ne shi na gaskiya? Ko kuwa duk shi ne, ni ce dai ba a taɓa nuna wa ɗayan ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Toma ya kira ni. Ya ce Kwamared Hanifa, lafiya kika yi shiru? Na yi masa bayanin surukuta. Ya ce su ma suna da ita a garinsu, matarsa Paulina ba ta cin abinci a gaban babansa, amma ai irin waɗannan ne muke son rushewa. Na ce to ya fara rushe ta gidansu, in ya gama ya turo mini hoto.

Ya ce in ba zan iya ba zai ba Zayyanu jawabin. Zayyanu, a kan aikin mata. Yaron da ko shayi bai iya haɗawa ba, da bakinsa ya faɗa.

Gaskiyar magana tsoro nake ji. In na yi shiru na rasa wuri ɗaya da ake saurarona. In na yi magana, da wane ido zan shiga gidan Argungu?

Alhamis, 17 ga Oktoba

Aminullahi ya ce in yi abina, Baba ba ya riƙe magana. Shi komai ba komai ba ne.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na gwada rubuta jawabin da misalin wata ƙasa mai nisa, bai yi daɗi ba. Misali ɗaya ne kawai nake da shi a cikin ido, na Inna Laure, mahaifiyar Aminullahi. In an kawo shanshera, wato shinkafa da ƙaiƙayinta, daga fadama ita ke jiƙa ta, ta turara a rabin durom, ta shanya, ta yi ta juyawa a rana tana korar awaki. Sai ta bushe Baba ya sa a kai inji, ya tsayar da ranar sayarwa. Na sha taya ta, ta sha ce mini ɗiyata ja da baya hayaƙi zai ɓata miki ido.

Ba zan faɗi suna ba. Zan ce wani gida da na sani a bakin kogin Rima. Gidaje nawa ne a bakin Rima?

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na yi. Na shiga ɗaki bayan azahar, na rufe ƙofa, na yi saƙon murya. Da na yi nisa sai na manta da kowa. Na ce in ma'aikacin inji ana ƙwarar sa don ba shi ke iko da abin da hannunsa ya samar ba, to matar da ta turara shinkafar fa? Na kawo rabin durom, na kawo awaki, har ƙunar da ke bayan hannunta na kawo. Daɗin magana ya ɗebe ni, na rufe da cewa abin tausayin shi ne ita kanta ba ta san ana ƙwarar ta ba.

Guruf ya cika da tafi da jan tuta. Paulina, da ban san tana ciki ba, ta rubuta cewa na taɓo mata inda ke ciwo.

Baba shiru.

Litinin, 21 ga Oktoba

Ya amsa da safe, ina cikin aji. Na saurara a lokacin tara, a bayan ɗakin karatu.

Bai yarda ba. Ya ce gida ba masana'anta ba ne, abin da aka sayar gidan gaba ɗaya ke ci, ba aljihun mutum ɗaya ba. Ya ce abokin gaba shi ne mai babban inji da dillalinsa, in aka shigo da faɗa cikin tsakar gida an raba kan talaka, a bari sai an ci nasara a waje tukuna. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda ya fara: “Kwamared Hanifa ta yi ƙoƙari, amma ta yi kuskure wuri biyu.”

Bai taɓa kiran sunana ba. Amarya yake cewa, har yau, ko ya ce matar Aminu.

Na rasa abin da nake ji, kunya ko daɗi. Ya ɗauke ni da muhimmancin da zai ce na yi kuskure.

Laraba, 23 ga Oktoba

Na amsa masa, a rubuce, don ba zan iya da murya ba. Na ce ban musa cewa gidan gaba ɗaya ke ci ba, tambayata ita ce wa ke yanke ranar sayarwa da abin da za a yi da kuɗin. Na ce kuma wannan “sai an ci nasara” ɗin, wa zai riƙa hura wuta kafin ranar ta zo?

Na rubuta “mai magana na baya” a maimakon suna. Zayyanu ya yi caraf ya ce na karya doka, wai ragowar tunanin sarauta ne ke damuna. Kafin in yi numfashi Baba ya rubuta masa: “Bar ta da sunan, kai dai amsa hujjar in ka iya.”

Na yi dariya ni kaɗai har maƙwabciyata ta leƙo.

Asabar, 26 ga Oktoba

Argungu. Mun zo da hantsi.

Na durƙusa a zaure na gaishe da Baba, idona a tabarma, ya ce sannu Amarya, kun zo lafiya. Shi ke nan. Kamar ba shi ba, kamar ba ni ba.

A cikin gida ne abin ya same ni. Inna na bakin durom. Na ajiye mayafi na nufi itace kamar kullum, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

“Zamna, Malama. Kar a ce an sa ki aiki ba a biya ki ba.”

Ashe Baba ba ya kara waya a kunne. Shigowa yake tsakar gida, ya zauna a kujerarsa, ya ƙure murya kamar rediyo, duk abin da aka turo a guruf gidan nan ya ji shi. Ni ina ta lissafin kunyar mutum ɗaya, ban taɓa kawo ta a raina ba. Ta ji durom ɗinta, ta ji awakinta, ta ji hannunta a bakin mutanen da ba ta sani ba.

Na ce Inna ki yi haƙuri, ban faɗi suna ba. Ta ce hannun wa ke da ƙuna a gidan nan? Ta juya itace a wuta. Can ta ce:

“Duk wanga bai dame ni ba. Amma wa yac ce miki ban sani ba?”

Ban ci abincin rana ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Mun dawo unguwarmu Gesse, a Birnin Kebbi. A mota Aminullahi ya ce in fita daga guruf ɗin kawai a huta. Yanzu kuma komai ya zama komai.

Na buɗe wurin fita, na daɗe ina kallonsa. Ban danna ba.

Talata, 29 ga Oktoba

Tambayar da ke cina: in ta sani, me ya sa take yi? Kuma me ya sa ni, da na zauna kusa da ita a hayaƙi sau ba adadi, ban taɓa tambayarta ba sai na je na tambayi littafi?

Na yi saƙon murya gajere a guruf. Na ce jimlata ta ƙarshe ta ranar 20 na janye ta, ban da hurumin cewa wata ba ta san rayuwarta ba. Sauran kuwa ina nan a kai. Na san inda za a kunna shi, shi ya sa na yi da murya.

Zayyanu ya ce na ja da baya. Baba ya ce janye kuskure ba ja da baya ba ne, sannan ya ƙara mini wasu kurakurai biyu sababbi. Mun yi ta yi da murya har magariba. Sau ɗaya ma na ce masa bai fahimce ni ba, sai da na tura na ga abin da na faɗa.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na zo Argungu ni kaɗai, a motar haya. Na ce wa Aminullahi zan kai wa Inna man zafi.

Ba ta ce in zauna ba, ba ta ce in taya ta ba. Na ɗauki katakon bazawa na shiga juya shinkafar da ke kan leda, ta bar ni. Har yanzu Malama take ce mini.

Da muka koma inuwa ta tambaye ni, ranar Talata da Baba ya sake cewa gida ba masana'anta ba ne, mene ne na ce masa, don akuya ta yi kuka ba ta ji ba. Na faɗa mata, a hankali, ina kallon ƙofar zaure. Ta ce ba duka ta yarda da ni ba, akwai abin da ban gane ba game da gida, wata rana za ta gaya mini in ta ga dama. Ta ce amma tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa jin wanda ya ce masa bai fahimta ba ya kuma tsaya ya saurara.

Da zan tafi ta raka ni har bakin ƙofar tsakar gida, ta riƙe gefen mayafina.

“Gobe in za ki mai da mishi magana, ki hwaɗa da ƙarhi. Kunnena ba ya jin ta waya sosai.”

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Batun yau ƙungiyar manoma ce, wa ya kamata ya zauna a kwamiti. Baba ya ce masu gona. Na ce da masu turarawa.

Kunya tana nan, babu inda ta je. Ƙofar ɗaki ce dai na manta ban rufe ba da zan yi saƙon, Aminullahi ya leƙo daga falo yana tambaya da wa nake faɗa haka.

Na ce da Baba ne, ya jira in gama.