Abin da Ya Ɗauke Yayyena

Inna,

Gaisuwa mai yawa daga Abijan. Ya ƙafar Baba, ya mutanen Madarumfa?

Muna lafiya, sai jikarku Rahama da ke fama da ciwon gaɓɓai, amma da sauƙi. Jiya likita ya tambaye ni ko an taɓa yin irinsa a danginmu. Sai na sunkuyar da kai. Na haddace sarakunan Maraɗi tun ina ɗan makaranta a lakwal, amma ban san abin da ya ɗauke yayyena biyu suna ƙanana ba.

Na san tuna su zai fama muku ciwo. Ku daure ku faɗa wa ƙanena Ɗanladi ya rubuto mini. Har da sunayensu, Inna, don su ma ban sani ba.

Allah ya ƙara girma.

Ɗanku,
Mahaman