Wurin da Aka Share Ba Juji Ba Ne

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Masu Awon Filaye na Sabuwar Unguwa, Gusau.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan kana lafiya. Sunana Umaru ɗan Malam Bawa majemi. Bana na gama makaranta a Sakkwato. An gargaɗe ni kada yaro ya rubuta wa babba a bainar jama'a, ni ma ina jin tsoron haka. Amma sau biyu na zo ƙofarka ban samu iso ba. Zan faɗi abin da idona ya gani, in na zo kan wanda ji na yi zan bayyana.

1. Mu baƙi ne a gefen garin nan. Mahaifina daga Bunguɗu ya taso, maƙwabtanmu wasu daga Kucheri, wasu daga 'Yandoto. Cinikin auduga da labarin hanyar jirgin ƙasa suka jawo su. Sun iske daji, suka sare, suka kafa bukkoki, suka haƙa rijiya. Da mutuwa ta fara ziyartarsu, mai unguwa ya nuna masu fili gabas da rijiyar, wajen wata tsamiya. Can suke rufe nasu. Can aka rufe mahaifiyata, Inna Hajo, a daminar bara, ina makaranta ban samu jana'izarta ba.

2. Mu ba mu gina kabari, ba mu rubuta suna. Abu biyu muke yi. Mukan jibga ƙaya a bisa saboda kuraye, mu kuma kafa tsingaro wajen kai, daga tukunya ko randar gidan mamacin, don 'yan'uwa su gane. Na Inna bakin randarta ne, mai zanen yatsa uku, wadda na sha ruwa a cikinta tun ina rarrafe. Mahaifina ya yi mini alkawari in na dawo zai kai ni in gani.

3. Ranar Juma'ar da ta wuce muka tafi tare. Ranka ya daɗe, wallahi na ɗauka ɓata hanya muka yi. Fili fetal, an share shi tas kamar masussuka. Babu ƙaya, sai toka. Turakun awon sabuwar hanya masu farar ƙasa sun jeru sun ratsa tsakiya. Tsingarayen nan duka, na manya da na jarirai, an tara su tsibi guda a gindin tsamiya. Mahaifina ya yi gaba, ya dawo, ya sake yin gaba, yana neman matarsa da tsinin sandarsa. Daga bisani ya zauna a ƙasa.

4. Wannan kuma ji na yi, ban gani ba: an ce leburorinku baƙi ne, sun ga fasassun tukwane da ƙaya suka zaci juji ne, aka ce su share. Ban ce da gangan aka yi ba. Amma rijiyarmu tana nan kusa, mata ba su rabuwa da ita. Ashe a cikin masu awo babu wanda ya tsaya ya tambayi ko mace guda? Sun sha ruwanmu fa!

5. Shekaranjiya da safe na koma. Na ga sawun kura, na ga inda ta fara tono a gefen kudu. Ni da maƙwabta muka mayar da ƙasa. Muka so mu saro sabuwar ƙaya, mai gadinku ya ce fili ya zama na hukuma, ba a aza komai cikin turaku.

Ba mu ƙi garin nan ya girma ba, girmansa ne ya kawo mu. Roƙonmu shi ne a bar mu mu mayar da ƙaya yau, kafin kura ta dawo. A dakatar da aikin hanyar, a kauda turakun daga kan kaburbura, ko da hanyar za ta ɗan karkace. Sannan a turo mana leburorin da suka yi sharar. Ba hukunci muke nema masu ba. So muke su tsaya tare da tsofaffinmu, ko wani zai tuna inda ya tumɓuke wane tsingaro, tun tudun ƙasar bai gama bajewa ba.

Na tona tsibin nan da hannuna, na samu bakin randar Inna, zanen yatsunta uku na nan. Yana ɗakina, naɗe cikin rigar makarantata. Mahaifina bai sani ba, domin in na nuna masa zai ce mu je mu mayar, ni kuwa ban san inda zan kafa shi ba.

Allah Ya ƙara maka lafiya da adalci, Ya jiƙan iyayenka, Ya sa kullum a san inda suke kwance.

Wassalam.

Umaru ɗan Malam Bawa,
Unguwar Baƙi, Gusau.