Kwalba Ta Arba'in Da Ɗaya

Kusasu, ranar Talata.

Zuwa ga abokina Japheth,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, ya sanyin Zariya? Mu nan alhamdu lillahi, masara ta fara bushewa, hanya kuma da sauƙi kwana biyu. Sabis har yanzu sai an hau dutse, shi ya sa na ba Mu'azu direba wannan takarda. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san a aji huɗu na tsaya.

Micah ƙanenka ya dawo daga Birnin Gwari da hotonka a waya. Farar riga har gwiwa, kana tsaye kusa da Likita Susan. Duk majalisa an karɓa an kalla. Ni ma na kalla, na ma fi kowa daɗewa. Aka ce a cikin kashin birai da muka tara mata a kwalabe bara an gano wata ƙwayar cuta da duniya ba ta sani ba, har an sa sunanka a takarda. Na taya ka murna. Mamanka sai da ta yi rawa a coci.

Wasu sun tambaye ni, kai fa Munzali? Ba kai ka koya masa bambanta kashin kirka da na jan biri ba? Ba kai ke zama a gindin bishiya tun asuba har biri ya sauke nauyinsa ba? Na ce musu ni da ido aka ɗauke ni, shi da alƙalami, kuma alƙalami ne ke shiga mota.

Abu ɗaya nake so in sani. A wace kwalba aka same ta, kuma ta wace rana ce? Ka gaida Likita in tana tuna ni.

Naka,
Munzali.

Zariya, ranar Lahadi.

Sarkin Birai!

Gaisuwa da fatan alheri. Wallahi na yi dariya da na ga takardarka, wato har yanzu kana nan da bin diddigi. Ya Inna? Ya ƙafarta?

Bari in yi maka bayani yadda za ka gane. Abin da aka samu ba ya ganuwa ko da tabarau, sai inji ya karanta shi. Da aka gwada shi da wata ƙwaya da ke sa mutane gudawa, sai aka ga kamarsu ɗaya, kamar ɗan wa da ɗan ƙane. Abin da ya girgiza Likita ke nan: birin da ke can tsakiyar daji, bai taɓa zama da mutum ba, ina ya samo dangin cutarmu? Wata mai zuwa za ta faɗa a taron likitoci a Abuja, ni zan riƙe mata takardu. Ta kuma sa sunana a wani kwas na shekara biyu. Mutuminka ya kusa zama mutum!

Kwalba ta arba'in da ɗaya ce, kirka, tsallaken rafi, Larabar nan da kake kwance da zazzaɓi na fita ni kaɗai. Ka ga ranar da ba ka nan ce Allah ya kawo rabo.

Ga riga nan Mu'azu zai ba ka, ta yi mini kaɗan. Ka gaida kowa.

Abokinka,
Japheth.

Kusasu, ranar Alhamis.

Japheth,

Bayan gaisuwa. Riga ta iso, na gode, tana rataye.

Na tuna Larabar nan sarai. Zazzaɓi ya kwantar da jikina, bai rufe idona ba. Ranar Talata an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafi ya cika ya tumbatsa, ko Fulani ba su tsallaka da shanu ba. Kai kuwa ka dawo kafin azahar, takalminka a bushe, wandonka babu ko ƙarangiya ɗaya.

Da ka je wanka na buɗe kular da muke ajiye kwalabe na ɗaga kwalbar a hasken ƙofa. Lokacin ɗinya ne. Duk kirkar da ke dajin nan ɗinya take ci, kashinta baƙi ne, cike da ƙwallo. Na kwalbarka ruwan ƙasa ne, sumul, babu ƙwallo ko ɗaya. Na buɗe murfi na shinshina, ka san ba na ƙyama. Warin daddawa na ji.

Biri ɗaya ne ke shan miyar kuka a ƙasar nan, na Baba Timothy, da ya ɗaure a gindin mangwaro shekara shida. Yana lashe kwanon jikokinsa, in sun yi gudawa a tsakar gida yana nan kusa. To wa ya ba wani? Watakila ƙwayar ba daga daji ta fito ba, daga gidan Baba Timothy ta shiga biri.

Ban tona ba a lokacin, na ce a raina kwalba ɗaya cikin ɗari, ba sai na kunyata abokina ba. Ashe ita ce za ta ɗinka maka farar riga.

Ba zan yi maka ƙarya ba. Na rubuta wa Likita duk wannan, kwana uku ina gyarawa, takardar tana ƙarƙashin tabarmata. In na ɗauko ta sai in tambayi kaina, don gaskiya nake yi ko don hoton nan? Ranar da na ga hoton ban ci tuwo ba. Mun yi kiwon awaki tare, mun ci duka tare a gonar rake, amma da na ga kana murmushi kusa da Likita sai na ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji. Na yi istigfari, bai sauka ba.

Ka faɗa mini in na yi kuskure.

Munzali.

Zariya, ranar Litinin.

Munzali,

Ina gaisuwa. Sau biyu na fara takardar nan da zagi ina yagawa.

Ba ka yi kuskure ba. Na je bakin rafi na ga ruwa yana tafiya da itace, tsoro ya kama ni. Na ji kunyar dawowa hannu rabbana, a ce in babu Munzali ba na iya komai. Na biya ta gidan Baba Timothy na ɗebi kashin birinsa, na rubuta tsallaken rafi. Shi ke nan.

In takardarka ta isa hannun Likita, kwas ya tafi, aiki ya tafi. A wurin mutanen nan ƙarya a kan kwalba ta fi sata. Da wane ido zan kalli Mama?

Tunda wuƙa na hannunka, bari in ƙara maka da nama. Kana ganin kai kaɗai ke ƙonewa? Kullum aka kawo kwalba mai rikitarwa sai Likita ta ce, da Munzali na nan da ya faɗa mana. A gaban kowa take faɗa. Kuma kai ta fara nema. Ana gobe za su tafi ta ce in tambaye ka ko za ka bi su Zariya, ta ce karatu ana koya, ido ba a koya. Ban tambaye ka ba. Washegari na ce mata ka ce ba za ka bar Inna da gona ba.

Yanzu ka sani. In ka aika, ina jin kai za ta ɗauka, kuma haƙƙinka ne. Ina roƙonka dai, don zaman tare, ka bari a gama taron Abuja.

Japheth.

Kusasu, ranar Juma'a.

Japheth,

Na amsa gaisuwa. Na karanta takardarka a gona, na zauna a kan kunya har rana ta karkata ban sari ko kara ɗaya ba.

Ba za a jira Abuja ba. Matar nan ta ci tuwo a gidanmu, ba zan bari ta tsaya gaban manya da abin da ba haka yake ba. Jikokin Baba Timothy ma gara a duba su.

Ga takardar Likita nan cikin taka. Ba Mu'azu zai kai mata ba, kai ne. In ka ga dama ka riga ta magana da bakinka, ya fi. In ka yaga, ba ni da wata, kuma ba zan sake rubutawa ba.

Maganar da ka faɗa mata a kaina ban sa a ciki ba. Wannan tsakanina da kai ce, kuma ban yafe ba tukuna. Har yanzu ina son wurin nan naka, kada ka ɗauka na warke.

Ban liƙe ambulan ba. Ka karanta kafin ka shiga.

Munzali.