A-kori-kurar Mamman Direba

Agege, Legas
9 ga Oktoba, 2000

Zuwa ga Yaya Sunusi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka cikin girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida a Haɗejia. Mu ma nan alhamdulillahi. Kalsum ta warke daga zazzaɓin nan, Umaima kuma ta fara tafiya, ba ta barin kwano a ƙasa. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafarta.

Bayan haka, maganar a-kori-kurar da ka ce in saya mana don jigilar albasa daga kasuwar Mile 12. Na samu guda biyu. Ɗaya ta fetur ce, a hannun wani dillali a Oshodi. Lafiyarta ƙalau, kayan gyaranta ko'ina akwai, sai dai shan mai, ga layin gidan mai da ba ya ƙarewa tun ƙarin kuɗin da aka yi a watan Yuni. Ɗayar ta dizal ce, wato gas. Balarabe makanike, mai gyaran tirela a Ijora, ya ce man da waccan za ta shanye a kwana biyu wannan sai ta yi uku da shi, kuma ta fi jure kaya, amma ranar da famfonta ya lalace gyaran zai cinye ribar wata shida. A ƙa'ida ta dizal ta fi tsada, amma wannan kusan rabin kuɗin waccan aka sa mata. Arahar ce ta fara tsaya mini a rai.

Mai ita Turai ce, matar Mamman direba, layi biyu ne tsakaninmu. Bara ya fita da safe kai kaya Apapa. Da azahar aka tsinci motar a gefen titi a Ijora, injin yana aiki, ƙofofi a kulle, hularsa a kan kujera. An duba asibitoci, an duba wajen 'yan sanda, har yau ba shi ba labarinsa. Ita kuma tana son ta sayar ta koma gida da 'ya'yanta uku.

Ta ba ni makulli in gwada na mako guda. Ranar Asabar na cika tanki. Kwana huɗu ina kai-komo da kaya, allurar mai ba ta motsa ba. Na ɗauka ta lalace ne, sai Balarabe ya zura sanda a tankin, ta fito jiƙe har wuya. Ya daɗe yana goge hannunsa, sannan ya ce shi bai ga komai ba, ya koma ƙarƙashin tirelarsa. Makullin ɗaya ne, yana aljihuna. Amadou, ɗan Nijar da ke gadin layinmu, ya rantse da Allah in na ajiye motar ba ta gusawa sai na dawo.

Ranar Alhamis da hantsi na shiga wani gidan mai a hanyar Ijora don in tabbatar. Matar da ke zuba mai, wata Bayarabiya, ta yi dariya ta ce oga, ba ɗazu aka cika ta ba? Wai kullum da safe mai ita yana zuwa, dogo ne mai wushirya, ba ya magana, ya biya ya tafi. Kamannin Mamman ke nan sak. Sai ta sunkuya ta leƙa kujerar da ke gefena, ta yi gaisuwa. Yaya, ni kaɗai ne a motar, ido na ganin ido. Ban waiwaya gefen nan ba har na iso Agege, amma na rage gudu a kowane rami kamar mai ɗauke da baƙo.

Na mayar wa Turai makullinta, ban ɓoye mata komai ba. Na zaci za ta yi kuka. Sai ta tambaye ni ko matar gidan man ta ce ya rame. Na ce ban tambaya ba. Ta ƙulle makullin a bakin zaninta, ta ce ta fasa sayarwa, ta kuma fasa tafiya gida. Ta ce: "In ya gama abin da yake yi, nan ya sani."

Don haka, Yaya, in ka yarda, ta fetur ɗin zan saya. Na san ribarmu za ta ragu, zan kuma riƙa yini a layi, amma man da zan zuba na san inda ya fito. Don Allah kada Inna ta ji wannan. A sa Turai a addu'a.

Ka gaida Inna, da Yaya Hajo, da Khamisu, da Hafsa da jaririnta. Kalsum tana gaishe ku duka. Ina jiran amsarka ta hannun direbobin albasa.

Ƙaninka,
Badaru