Ta Sa 'Yata Ta Tsani Kanta, Ni Kuma Zan Tona Mata Asiri

Mama Rifkatu, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da ba ya gyaruwa. Gaskiya ban ma sani ba ko shawara nake nema ko wanda zai ce mini "je ka yi", don zuciyata ta riga ta yanke hukunci.

Ni mutumin kudancin Kaduna ne, direban bas a nan London. Muna zaune a Thamesmead da matata, wadda nas ce, da 'yarmu tilo. Zan kira ta Rhoda, ko da yake ba sunanta ba ne. Shekararta tara. Tun tana ƙarama likitoci suka ce farfaɗiya gare ta. Tana shan magani safe da yamma, kuma in dai tana sha lafiyarta ƙalau. Yarinya ce mai baki kamar rediyo, ita ke ja wa yara waƙa a makarantar Lahadi. Kin san yadda mutanenmu suke kallon wannan ciwo, shi ya sa ba mu baza maganar ba. Ita dai mun gaya mata ciwo ne kamar kowane ciwo, Yesu ya san da shi, kuma yana ƙaunarta a haka.

Cikin 'yan kaɗan da suka sani akwai Scholastica, 'yar ƙanwar surukata. Ni na ɗauko ta daga filin jirgi ranar da ta sauka a ƙasar nan. A falonmu ta yi ta kwana har ta samu ɗaki a Catford. 'Yarta Marvellous da Rhoda kamar tagwaye suke. Daga baya ta bar cocinmu ta koma wani da ke cikin wani tsohon sito a Old Kent Road. Ba mu ce komai ba, kowa da inda yake jin daɗin sujada.

Wata Lahadi ina aiki, matata ma tana wurin aikinta a asibiti, Scholastica ta ce a bar mata Rhoda. Ashe ranar suna da baƙon mai wa'azi. Da ya ce a fito da waɗanda Shaiɗan ya ɗaure, sai matar nan ta ja hannun 'yata har gaban jama'a, ta karɓi makirfo ta fallasa ciwonta. Mutumin ya dafe kan yarinyar yana ihu wai aljani ya fita, yana tura ta har ta faɗi ƙasa. Ya kwarara mata mai. Ya ce abin daga gidan ubanta ya fito, kuma wanda aka 'yantar ba ya komawa ga ƙwayoyin asibiti. An ɗauki bidiyo an ɗora a shafin cocin, a nan muka ga duk wannan daga baya. Scholastica ta dawo mana da ita da yamma ta ce wai gajiya ce ta sa ta yi shiru.

Shirun bai ƙare ba. Ta daina waƙa. Ta ware kofinta da cokalinta, ko uwarta ba ta yarda ta taɓa. Muna ta tambaya, tana cewa ba komai. Sai ranar da aka kira ni daga makaranta: ta faɗi a filin wasa, haƙorin gaba ya karye, ta ciji harshe, jini ya ɓata rigarta. A asibiti aka gano ta daɗe tana ɓoye maganin a kumatu tana tofarwa a banɗaki. Da na zauna bakin gadonta, ta gaya mini da Turanci cewa in ta sha, Yesu zai ga ba ta ba da gaskiya ba. Sai ta ce, "Daddy, abin yana cikina har yanzu? Shi ya sa Yesu ba ya so na?" Mama, ni da ban yi kuka ba ranar da aka binne mahaifina, sai da na fita waje.

Na je Catford. Ina zaton za ta durƙusa. Ina! Cewa ta yi ƙauna ce ta sa ta, kuma faɗuwar yarinyar rashin bangaskiyarmu ce, mu da muka dogara ga Bature.

To ga inda nake. Na san bizar Scholastica ta daɗe da ƙarewa. Na san da sunan wata take aiki a gidan kula da tsofaffi, na san gidan, na san sunan. Duk lokacin da na samu hutu a garejin bas sai in buɗe shafin kai rahoto na Home Office, ma'aikatar da ke kula da shige da fice, in zuba masa ido. So nake a zo a ɗauke ta a gaban abokan aikinta, ta ji yadda ake ji in an tsayar da mutum gaban jama'a an tsiraita shi. So nake ta koma gida da jaka ɗaya. Matata sai kuka take, wai Marvellous fa, wai da wane baki za ta gaya wa mahaifiyarta. Na ce mata ranar da aka kayar da Rhoda wa ya tuna da mu? Ai ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi.

Na gaya wa Rhoda kada ta damu, Daddy zai yi maganinsu, Allah kuma zai hukunta su ɗaya bayan ɗaya. A addu'ar iyali zaburorin da ke kan maƙiya nake karantawa da ƙarfi don ta san akwai mai tsaya mata. Amma ba ta warware ba. Ta ƙi coci gaba ɗaya, har namu. Shekaranjiya ta tambaye ni ko Marvellous ma Allah zai hukunta ta saboda ita.

Mama, in na yi shiru ai na nuna wa 'yata ba ta da daraja ke nan. In kin ga laifi a abin da zan yi, ki nuna mini, don ni ban gani ba.

Uban da aka taɓa,
Thamesmead

*

Baban Rhoda, sannu. Fushinka yana kan hanya, ba zan ce ka haɗiye shi ba. Abin da aka yi wa 'yarka cin zarafin yarinya ne, a gaban Allah da gaban dokar ƙasar nan. Wanda ya ce wa ƙaramar yarinya ta bar maganin farfaɗiya da ranta ya yi wasa. Kada kowa ya ce maka addu'a ce ta wuce gona da iri.

Saboda haka ka kai ƙara, amma ta abin da aka yi. Ka ajiye bidiyon nan kafin a goge shi, ka kai wa sashen kare yara na council, wato ƙaramar hukuma, ko 'yan sanda, ka sanar da makaranta da nas ɗin da ke duba ciwonta, sa'an nan ka nemi a sauke shi daga shafin. Ka faɗi komai yadda ya faru, har da rawar da Scholastica ta taka. Abin da ya biyo baya ba nauyinka ba ne. Mutumin nan ranar Lahadi mai zuwa wani yaron zai dafe.

Amma Home Office fa? Ɗana, an bar jaki ana dukan taiki. Biza ba ta karya haƙorin Rhoda ba. In aka kwashe Scholastica gobe, mai wa'azin yana nan da makirfonsa. Ita kuwa ta yi laifi babba, ta ƙara da taurin kai, kuma kada ta sake zama da 'yarka ba ku nan. Sai dai inda muka taso ta taso, abin da aka cusa mata ke nan game da wannan ciwo, kuma mai yiwuwa tsoron abin da ta jawo ne ya hana ta durƙusawa. Wannan ba uzuri ba ne, amma ba mugunta ce tsagwaronta ba.

Ka saurari tambayar da Rhoda ta yi maka a kan Marvellous. Yarinyar da aka gaya wa akwai mugun abu a cikinta, in ta wayi gari an ɗauke uwar ƙawarta, ba za ta ce babana ya tsaya mini ba. Cewa za ta yi, ashe gaskiya suka faɗa, duk wanda ya raɓe ni sai masifa ta same shi. Za ka sa hannu ke nan a kan ƙaryar da kake son gogewa. Ramuwa ta Ubangiji ce, ya faɗa, kuma bai nemi mataimaki ba.

Ka daina karanta zaburorin nan a gabanta. Ka karanta su kai kaɗai in zuciyarka ta tafasa, Allah yana iya ɗaukar fushinka. Ita an riga an nuna mata Allah mai ihu, yanzu kuma a gida tana jin Allah mai hukunci. Wancan da kuka fara koya mata take nema.

Ta yi maka tambaya a asibiti, ka fita waje ba ka amsa ba. Koma ka amsa. Ka dube ta ido da ido ka ce babu wani aljani a cikinta, ba a taɓa yi ba, mutumin nan kuskure ya yi ko da yana riƙe da Littafi Mai Tsarki. Ka ba ta labarin makahon da almajirai suka tambayi Yesu ko zunubin wa ya jawo masa makanta, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba. Ka gaya mata darajarta ba ta jiran ranar da za ta warke, an riga an biya ta a kan gicciye tun ba a haife ta ba. Sau ɗaya ba zai isa ba, za ta yi ta tambaya, ku yi ta amsawa ba gajiya.

Yara sun fi gaskata abin da suka gani. Ka ɗauki kofin da ta ware ka sha ruwa da shi a gabanta. Ku riƙa yin godiya a kan maganin kamar yadda kuke yi a kan abinci, ku tsaya har ta haɗiye, domin hikimar likita ma baiwar Allah ce. Kada ku ja ta coci da ƙarfi. Ku roƙi fastonku ko malamarta ta makarantar Lahadi su zo gida su zauna da ita, su ce mata an yi kewar muryarta. In tsoron bai sake ta ba, ku nemi likitanku ya haɗa ta da mai ba yara shawara. Ɓoye ciwon da kuka yi da kyakkyawar niyya ne, amma yaro yakan ɗauka abin da ake rufewa abin kunya ne. Ku bar ta ta zaɓi wanda za ta gaya wa da bakinta.

Matarka kuma ka sassauta mata. 'Yarta aka raunata, 'yar'uwarta ta yi raunin, ita ce a tsakiya.

Ban ce ka yafe yau ba, gafara tana da lokacinta. Na ce dai ka rufe shafin nan na Home Office, ka tafi gida wurin 'yarka. Ubangiji ya warkar da zuciyar Rhoda, ya huce taka, ya riƙe gidanku cikin salama.

Mama Rifkatu