Shuɗi ko Ruwan Madara

Ya ke Mu'minatu, inuwar gawo a tsakiyar rani, sanyin randata, 'yar Fulanin da ta hana ni sukuni! Ina gaishe ki daga Tambuwal, hannuna duk fenti.

An gama gyaran ɗakin da za a kawo ki. Na gwada launi biyu a bango ɗaya, shuɗi mai haske a dama, ruwan madara a hagu. Shuɗin yana buɗe ɗakin, sai ka ce an ɗage rufi. Ruwan madarar ya fi riƙe haske da la'asar, kuma zai fito da adon ƙoren da za a jera miki. Mai fenti ya gaji da jirana, ya ce ango mai ruwan ido bai taɓa gani kamata ba. Bai san abin da ke cina ba.

Kin tuna ranar kasuwar Kebbe, da kika sauke ƙwaryar nono kina dariya, kika ce ɗakin siminti rumbu ne, hatsi ake zubawa a ciki ba mutum ba? Na taya ki dariya. Yau ta koma ciki!

Jiya Gwaggo Atu, ƙanwar babanki, ta zo ganin ɗaki. Daga bakin ƙofa ta tsaya, ta daɗe tana kallon 'yar tagar nan. Sai ta ce da an gama girbi shanunku za su tashi daga Fakku su yi kudu. Ba ta ce ke za ki tsaya ba.

Wallahi tsoro nake ji, masoyiyata. In na shafa shuɗi, ashe ba sararin daji zai riƙa tuna miki ba, har wata safiya zuciyarki ta bi garke? In na shafa ruwan madara, ba za ki kalle shi ki ji kukan 'yan maruƙa ba? Wane launi ne zai zaunar da wadda ta tashi ba bango?

Don Allah ki aiko mini da zaɓinki kafin a kai dawa gida. In kuwa babu wanda ya kwanta miki, kada ki ɓoye mini don kunya. Zan ja ƙofar in sa kwaɗo, in bar wa ƙanena gonata, in biyo ku. Ban iya tatsa ba, kuma kin san ko ɗan maraƙi ya kaɗa kai gudu nake yi. Ki roƙi babanki ya yanko mini sanda.

Naki a gida ko a daji, har ranar da za a lulluɓe ni,
Mus'ab